Rajistar da Ta Ce Na Mutu

Jama'a ku yi min afuwa. Na ga saƙonninku, har da masu cewa "Radiyya, ko an ɗaura ne ba ki gayyace mu ba?" Ba a ɗaura ba. Sati biyu ke nan ina ɗaukar waya in ajiye, don duk sanda na fara rubuta abin da ya faru sai in kasa ci gaba. Yau dai na ce sai na faɗa, ko zan samu ƙirjina ya yi sauƙi.

Ga wanda yau ya fara karanta ni: sunana Radiyya Isah, shekarata ashirin da shida, a unguwar Yalwawa nake cikin Dutse. Ni kaɗai ce 'ya a gidanmu. Babana, wanda kowa ke kira Malam har da ni, yana koyar da littattafan addini a zaure, magidanta ne ke zuwa ɗaukar karatu bayan Asuba da bayan La'asar. Ummana, Halimatu Sa'adiya, mace ce mai shiru, irin wadda za ki kwana uku a gidan ba ki ji ta ɗaga murya ba.

Aikina kuwa, in na yi wa 'yan uwa bayani sai su ce "ai dai kwamfuta ce." To, kwamfutar ce. Bara aka kafa wani ƙaramin sashe domin ma'aikatu uku su riƙa haɗa bayanansu wuri ɗaya: masu kula da lafiya, masu kula da ilimi, da masu rajistar haihuwa. A da kowa na rungume da takardunsa. Asibiti ta san yaran da aka haifa, makaranta ta san waɗanda suka shiga aji, amma babu wanda zai iya ce miki cikin yara ɗari da aka haifa a ƙauye kaza nawa suka rayu, nawa suka kai firamare, nawa suka ɓace a tsakani. Binciken da aka ba mu ke nan, don a san inda ya kamata a gina aji da inda ya kamata a kai ungozoma.

Sai da aka yi wata biyar ana zaman mitin kafin kowa ya yarda ya saki nasa. Shugabarmu, Hajiya Mu'minatu, ita ta riƙa bin ofisoshi da ƙafarta tana lallashi. Aka rubuta yarjejeniya, dukkanmu muka sa hannu cewa ba za mu taɓa neman sunan wani don son sani ba. Da an haɗa bayanai sai a cire sunaye a sa lambobi, mabuɗin yana wajen Hajiya ita kaɗai.

A wajen mitin ɗin nan na haɗu da Saifuddeen. Shi ne wakilin ɓangaren lafiya. Dogo ne, baƙi, mai ɗan wushirya, kullum cikin shadda mai ruwan toka da hula zanna a karkace. Ranar farko musu muka yi a kan yadda ake rubuta sunayen ƙauyuka, ya ce ni 'yar birni ce ban san komai ba. Ranar ta biyu ya kawo min gyaɗa soyayya daga gonarsu ya ce ta ban haƙuri ce. Abin da ya fi ba ni mamaki game da shi, ban taɓa jin baƙuntarsa ba. Tun ranar farko ji na yi kamar na daɗe da saninsa. Lokacin na ɗauka so ke nan.

Malam ya karɓe shi hannu biyu. Sun zauna a zaure ya tambaye shi asalinsa, ya ce shi ɗan Malam Yahuza ne, manomi a wani ƙauye da ake kira Dungun Rimi, tsakanin Kiyawa da Jahun. Da Malam ya shigo yana ba Umma labari, tana tsaye tana kwashe tuwo. Ina kallo marar ta suɓuce daga hannunta ta faɗa cikin tukunya.

"Wane Yahuza?" ta tambaya.

"Na Dungun Rimi. Ai kusa da garinku ne, ko kin san gidan?"

"Ban sani ba," ta ce, ta sa hannu cikin tuwo mai zafi ta ciro marar, kamar ba ta ji zafin ba.

Daga ranar Umma ta canza. Ita da ba ta taɓa matsa min a kan aure ba, sai ga ta kullum da zancen Ubaidullahi, ɗan yayarta mai shagon magani a Jahun. Ta ce ta yi istihara hankalinta bai kwanta da Saifuddeen ba. Ta ce mutanen ƙauyen nan ba sa riƙe mace. Ta ce ta yi mafarki. Ranar da na yi kuka na ce ta faɗa min laifinsa ɗaya tak, sai ta kama fuskata da hannu biyu tana kallona kamar yau ta fara ganina, ta ce, "Ba shi da laifi, Radiyya. Ki dai bar shi."

Malam kuwa ya ce shi ba zai kori mutum ba tare da hujja ba. Ya ba da rana: Juma'a bayan an sauko daga masallaci, manyan Saifuddeen su zo a gaisa.

Ranar Laraba da safe na shiga ofis cikin atamfata kore mai zanen ganye, da mayafi ruwan madara, ina ta murmushi ni kaɗai saboda saƙon da na tashi da shi:

"Ranki ya daɗe, an tashi lafiya? Baba ya ce da kansa zai zo, ba zai wakilta kowa ba. Har ya sa an kai babbar rigarsa wajen mai guga."

Na mayar masa: "Allah Ya kawo shi lafiya. Ni dai tsoro nake ji."

"Tsoron me? Baba ko kaza ba ya iya yi wa tsawa."

Hajiya Mu'minatu ta kira ni ofishinta. Ta ce an gama haɗa bayanan haihuwar shekarun 1997 zuwa 2001, kuma kwamfuta ta ware wasu guda sittin da uku da suka ƙi daidaituwa: rajistar asibiti ta ce jaririn ya rasu, rajistar makaranta kuma ta nuna ya shiga aji ɗaya bayan shekara shida.

"Yawanci kuskuren rubutu ne," ta ce, tana gyara gilashinta. "Ko suna ya zo ɗaya, ko ma'aikaciya ta tsallake layi. Amma sai mun tantance kafin mu fitar da rahoto, kar mu kashe 'ya'yan mutane a takarda. Zan buɗe miki sunayen waɗannan kaɗai. Kin san ƙa'ida."

"Na sani, Hajiya."

Na koma teburina. An ɗauke wuta, sai ƙarar batir da ke riƙe da kwamfutoci, abokan aikina duk sun fita neman abin karyawa. Na fara bi ɗaya bayan ɗaya. Na farko suna ne ya zo ɗaya, Musa biyu a gari ɗaya. Na biyu ma haka. Na tara tagwaye ne, ɗaya ya rasu ɗaya ya rayu. Har na fara hamma.

Sai na zo layi na goma sha bakwai.

Uwa: Halimatu Sa'adiya. Miji: Malam Isah, Yalwawa, Dutse. Ranar haihuwa: 14 ga Maris, 1999. Jinsi: mace. Sakamako: ta rasu bayan awa shida.

A gefensa kuma, daga ɓangaren ilimi: Radiyya Isah, ta shiga aji ɗaya a 2005, ta gama firamare, ta gama sakandare.

'Yan uwa, ban san ko kun taɓa karanta labarin mutuwarku ba. Dariya na fara yi, wallahi. Na ce kai, wannan ma'aikaciya ta so ta kashe ni tun ban san duniya ba. Na ɗauki waya zan tura wa Saifuddeen mu yi dariyar tare. Sai hannuna ya tsaya.

Na tuna duk ranar sha huɗu ga Maris Umma azumi take yi. Tun ina ƙarama. Takan dafa abinci ta raba wa maƙwabta, ta shige ɗaki ta rufe ƙofa, in ta fito idanunta sun kumbura. Na taɓa tambayarta, ta ce godiya take yi wa Allah da Ya ba ta ni bayan ɓari huɗu. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ba, wace irin godiya ce ake yi da irin wannan kukan?

Na kalli hannuna a kan tebur. Na motsa yatsuna. Na san abin zai ba ku dariya, amma sai da na taɓa wuyana na ji jijiya na bugawa.

Da yamma na koma gida na tarar Umma na tankaɗen garin alkama a tsakar gida. Na zauna kusa da ita a kan tabarma, na ce, "Umma, wai ni a ina aka haife ni?"

Rariyar ta tsaya.

"A garinmu mana. Na je goyon ciki wajen Inna."

"A gida ko a asibiti?"

"Me ya kawo wannan tambayar?"

"A ofis ake cike wata takarda."

Ta ci gaba da tankaɗe, ba ta ɗago ba. "A gida," ta ce. "A ɗakin Inna."

Rajista kuwa ta ce a ƙaramin asibitin haihuwa ne. Ummana da ban taɓa kamawa da ƙarya ba ko ta wasa.

Ranar Alhamis na je na faɗa wa Hajiya Mu'minatu gaskiya, don ƙa'ida ta ce in mutum ya ci karo da na gidansu ya sanar. Ta daɗe tana kallon takardar. Ta ce za ta ba wani ya duba, na roƙe ta ta bar ni in ga littafin da idona. Abin da ke cikin kwamfuta kwafi ne da aka ɗauko daga tsofaffin littattafai, wataƙila mai kwafar ne ya yi kuskure.

"Littafin na ɓangaren lafiya ne, ba za a buɗe miki ke kaɗai ba," ta ce. "Sai da wakilinsu. Ku tafi gobe da sassafe da motar ofis, ku dawo kafin masallaci." Har na kai ƙofa ta kira ni. "Radiyya. In kin ga abin da ya fi ƙarfinki, ki rufe littafin. Ba dole ba ne mutum ya san komai a rana ɗaya."

Saifuddeen dariya ya yi ta yi a mota. Yana gaba kusa da direba, ina baya cikin baƙar abaya, lallen da aka yi min don baƙin yamma ya kama jajir a hannuna.

"Ashe fatalwa zan aura," ya ce. "Shi ya sa ba kya cin abinci."

"Ka daina, ba na so."

Ya juyo ya ga fuskata, ya daina. "Yi haƙuri. Kuskure ne, za ki gani. Ni fa asibitin nan na san shi, nan ne mafi kusa da ƙauyenmu. Rabona da shi tun ina yaro, ba na son wajen."

Ban tambaye shi dalili ba. Na san mahaifiyarsa ta rasu yana ɗan shekara huɗu, kuma ba ya son zancen.

Mun wuce Kiyawa muka saki kwalta. Damina ta yi kyau, gero ya fi mutum tsayi dama da hagu, hanyar ta zama kamar lungu. An yi wa asibitin sabon gini mai fenti, mata na zaune a baranda da katin awo. Tsohon ginin na can baya ƙarƙashin wata bishiyar maɗaci, an mayar da shi ɗakin ajiya. Shugabar wajen ta duba takardarmu, ta miƙo mabuɗi, ta ce ita ba za ta shiga ba saboda jemagu.

Da ƙyar ƙofar ta buɗu. Wani wari ya buso, na kashin jemage da tsohuwar takarda. Rana ta ƙwalle a waje amma ciki duhu, sai haske siriri da ke shigowa ta hujin kwano. Akwai gadon ƙarfe guda biyu a jingine da bango, babu katifa, tsakaninsu bai fi taku biyu ba. Na tsaya ina kallonsu. A saman silin wani abu na motsi a hankali.

Littattafan na cikin wata kabad ta ƙarfe. Gara ta cinye na 1998 kusan rabi, na 2000 ruwa ya manne shi. Na 1999 kuwa lafiyarsa ƙalau, kamar jiya aka ajiye. Saifuddeen ya ɗora shi a kan taga, ya kunna fitilar waya, na riƙa buɗewa. Janairu. Fabrairu. Maris.

Ranar sha huɗu mata biyu ne suka haihu.

Layin farko na Umma ne, da shuɗin biro, rubutu mai kyau a tsaye. Babu kuskuren mai kwafi. Mace, ta rasu bayan awa shida.

Na sa yatsa na sauko layi na biyu, ina karantawa a fili ba tare da na san ina yi ba.

"Talatu, matar Yahuza, Dungun Rimi. Mace, tana raye, kilo uku. Uwa ta rasu, zubar jini."

Na ɗago. Saifuddeen bai kalle ni ba, idonsa na kan layin.

"Sake karantawa," ya ce.

Na janye yatsana daga kan shafin.

"Innata ce," ya ce, muryarsa kamar ta wani. "Talatu sunan Innata. Amma ba haka aka yi ba. Jaririyar ma ta rasu. Tare aka kawo su a amalanke, ina tsaye a ƙofar gida. Na ga ƙaramin likkafanin da idona, Radiyya. Kusa da juna aka binne su. Baba yana ci-rani a kudu, sai bayan kwana tara ya iso."

"To wa aka binne?"

Ban san ni na yi tambayar ba sai da na ji ta a cikin ɗakin.

Ya matso da fitilar. A gefen shafin, tsakanin layukan biyu, akwai alamar fensir da aka goge. An ja kibiya daga layin sama zuwa na ƙasa, wata daga ƙasa zuwa sama, sun gitta juna. Wanda ya goge ya danna har takardar ta yi laushi, amma sawun bai fita ba.

Ya ciro laftof daga jaka, ya tsuguna a ƙasa cikin ƙurar nan da shaddarsa. Ya kira Hajiya Mu'minatu ya karanta mata lambar layi na biyu, ya roƙe ta ta duba ko yarinyar ta sake bayyana a wani wuri. Muna jin ƙarar madannanta ta waya. Ta ce babu ita a rajistar rigakafi. Babu ita a makaranta ko ɗaya cikin jihar. Babu takardar haihuwa, babu ta mutuwa.

"An haife ta da rai, daga nan shiru," in ji Hajiya. "Saifuddeen, lafiya? Ina Radiyya?"

Ya kashe wayar.

Yarinya ɗaya ta mutu amma ta yi firamare da sakandare har tana aikin gwamnati. Ɗaya ta rayu amma ba a sake jin ɗuriyarta ba. Shekara ashirin da shida kowane littafi na ajiye a ma'aikatarsa, kowanne da rabin maganar. Mu da kanmu muka yi wata biyar muna roƙo a haɗa su.

Sai a lokacin ya ɗago ya kalle ni. Wallahi na san kallon Saifuddeen, wata takwas ina ganinsa. Wannan ba shi ba ne. Goshina yake kallo, da hancina, da bakina, kamar mai neman wani abu da ya ɓace masa tun yana yaro. Na ja mayafi na rufe fuskata.

Muka kama hanyar dawowa. Direba ya kunna rediyo, ya ga ba mu tanka ba ya kashe. Saifuddeen ya kira babansa ya fi sau goma, wayar a kashe, sun riga sun shiga masallaci a Dutse. Muna shiga gari saƙonsa ya shigo, alhali yana zaune a gabana:

"Littafi na iya yin kuskure. Ki tambayi Umma. Zan tsaya a bakin masallaci in tare su."

Wani ya biyo baya: "Ban san da wane suna zan kira ki ba yanzu."

Gidanmu na ƙamshin turaren wuta. An share tsakar gida an yayyafa ruwa, an shimfiɗa sabuwar darduma a zaure. Leshina ruwan hoda na kan gado a goge, da ɗankunnen da Malam ya sayo min. Umma na kicin tana suyar funkaso, miyar taushe na tafasa a gefe. Ta rame a 'yan kwanakin nan, zanin ma ya yi mata yawa.

Na tsaya a bakin ƙofa. Na shirya maganganu da yawa a mota, duk suka gudu.

"Umma, wace ce Talatu?"

Ba ta firgita ba. Abin da ya fi tsorata ni ke nan. Ta kwashe funkason da ke cikin mai, ta sauke kaskon, ta rage wuta, sannan ta zauna a kan kujerar tsuguno ta ɗora hannuwa a gwiwa.

"Wa ya faɗa miki?"

"Babu kowa. A rubuce yake."

"Adda ta ce min ta gyara littafin. Adda ungozoma. Ta rasu shekara goma ke nan. Ni kaɗai na rage da na sani."

Na zame na zauna a ƙasa.

"Gadonmu na kusa da juna," ta ce, tana kallon murhu. "Ban san ta ba sai ranar. Tana naƙuda tana yi min sannu. Tawa ta fito ba ta yi kuka sosai ba, kafin Azahar ta koma. Ta biyar ke nan. Ita kuma Talatu jini ya ƙi tsayawa, babu motar da za ta kai ta babban asibiti. Wata tsohuwa ce ta rako ta, ta tafi ƙauye kiran mutane. Kina ta tsala kuka a kan gado, uwarki ta riga ta yi sanyi, ni kuma nono na zuba har ya jiƙa min riga. Adda ta ɗauko ki ta ce in ba ki ki sha kawai. Kawai ki sha, Radiyya. Da kika kama, sai na ji ba zan iya mayarwa ba."

"Umma..."

"Adda ta ce uban ba ya gari, gidan babu mai shayarwa, jariran da aka bari haka ba sa kai arba'in. Ta ce ceton rai ne. Na san ba don ceton rai na yi ba. Don kaina na yi. Da mutanensu suka zo, ta naɗe tawa ta miƙa musu." Hawaye na bin fuskarta ba ta share ba. "'Yata na kwance a Dungun Rimi kusa da matar da ba ta haife ta ba. Ko kabarinta ban taɓa gani ba."

"Malam ya sani?"

Ta girgiza kai. "Mutumin da ke koya wa mutane hukuncin nasaba da gado a zaure? Sau nawa na buɗe baki. Da yaron nan ya zo na ce Allah Ya kama ni. Na yi ta neman hanyar da zan raba ku ba tare da na faɗa ba. Na rantse miki yau na yi niyya, ko da ba ki tambaya ba. Ba zan bari ki auri ɗan uwanki ba, uwa ɗaya uba ɗaya."

Ta miƙo hannu za ta taɓa ni, ta fasa. Ni kuma, ku gafarce ni, ban san abin da nake ji ba. Ina son in yi ihu in ce ta cuce ni. Ina kuma son in kwanta a cinyarta, don duk duniya nan kaɗai na sani in abu ya dame ni.

Wayata ta yi ƙara. Saifuddeen: "Na rasa su a cikin jama'a. Wani ɗan ƙauyenmu ya ce sun hau adaidaita tun ɗazu. Ina tafe."

Ban gama karantawa ba muka ji sallama a zaure, muryoyin maza uku ko huɗu, da muryar Malam yana musu lale cikin fara'a. Aka yi ta gaisawa, ana tambayar damina da iyali. Can Malam ya leƙo ta ƙofar tsakar gida, fuskarsa fal murna, farar rigarsa ta Juma'a na ƙamshin turare.

"Radiyya, ba ki shirya ba? To ba komai, sa hijabi ki kawo ruwa. Zo ki gaida iyayenki."

Na ɗauki tiren. Na yi sallama, na durƙusa daga bakin ƙofa kaina a ƙasa, na ajiye.

"Sannu 'yata, sannu," wata murya ta ce, mai taushi, irin ta Saifuddeen in ya tsufa. "Ɗago mana mu ga juna. Allah Ya yi miki albarka."

Na ɗago.

Dattijo ne siriri, da farin gemu, cikin babbar riga shuɗiya da ta sha guga. Ya riga ya ɗauki kofi zai kai baki. Murmushin ya tsaya a fuskarsa. Kofin ya karkace, ruwa ya riƙa zuba a kan rigar bai sani ba. Ƙaninsa da ke gefe ya dube ni shi ma, ya ce "Innalillahi" a hankali, ya ja da baya.

"Talatu?" in ji dattijon.

Malam ya dubi baƙonsa, ya dube ni.

"Malam Yahuza, ka san ta ne?"

Idon dattijon bai bar fuskata ba.

Tunda aka kawo Umma gidan nan ba ta taɓa taka zaure ba in akwai baƙi maza. Sai ga inuwarta a jikin labule. Ta yi sallama, muryarta ba ta rawa ko kaɗan.

"Malam, a yi min izini in shigo. Ina da magana, kuma a gaban bawan Allahn nan zan faɗe ta."